Kasuwar Ingilishi ta Sin ta ci ta watse, kada a sayar mana da rumfa a cikinta

Ƴan kasuwar Damagaram, Alhazai da Hajiyoyi, masu shago da masu tebur, da iyayenmu mata da ke zaune a Kasuwar Dole tun hantsi har la'asar sakaliya. Maganarmu ta yau ta shafi aljihunku kai tsaye, ta kuma shafi ƴaƴanku da ƙannenku da suka ci bak ko suka gama jami'a, amma har yanzu suna zaune a fada suna dafa shayi don rashin abin yi.

Akwai wata irin talla da ke yawo cikin salula, a Facebook da WhatsApp, ana tura ta daga wannan zaure zuwa wancan. Wai matashi zai zauna cikin ɗakinsa ya koya wa yaran ƙasar Sin Ingilishi ta intanet, a biya shi da dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma 5 ba. Wai abin da ake bukata kawai kwamfuta ce, da kuɗin rajista, da kuɗin wani horo na ƴan kwanaki. Yaro ya karanta wannan, ya ga ga mafita ta zo, ina zai dosa? Wurin uwa. Ita kuma uwa ba ta da banki sai adashe, ba ta da ajiya sai tunkiyar da take kiwo domin Sallah. Idan ta ji an ce ɗanta zai fara cin dalar Amurka, ai ko zanen da ke jikinta ne za ta iya sayarwa.

To, Hajiya, kafin ki kwashe adashen ki saurare mu. Ra'ayinmu a kan wannan magana ɗaya ne: duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sama wa yaro aikin koyar da yaran Sin, kada a ba shi ko dala. Sana'ar an yi ta, mutane sun ci abinci da ita, amma gwamnatin Sin ta rufe babbar ƙofarta tun shekarar 2021. Masu tallar nan rumfa suke sayarwa a kasuwar da ta riga ta watse. Ga dalilanmu, ku auna da kanku, tunda awo aikinku ne.

Mu fara da yadda abin ya taso. A ƙasar Sin akwai wata jarrabawa da ake kira gaokao, kamar dai bak ɗinmu, ita ce ke raba wanda zai shiga jami'a da wanda zai koma gida. A 2024 yara sama da miliyan 13 suka zauna mata. Darussa 3 ne ginshiƙinta: harshen Sinanci, lissafi, da harshen waje, wanda ga mafi yawan yara Ingilishi ne. Ga shi kuma shekara da shekaru doka ta taƙaita wa yawancin iyalai haihuwa a kan ɗa guda, sai daga 2016 aka sassauta. Uba da uwa da kakanni duk suka tara burinsu a kan yaro ɗaya, suna zuba kuɗi a darasin bayan makaranta kamar yadda manomi ke zuba taki a gonarsa ɗaya tilo.

Nan ne ƴan kasuwa suka hango riba. A 2011 aka kafa wani kamfani mai suna 51Talk, a 2013 kuma aka kafa VIPKid a birnin Bejin. Dabararsu mai sauƙi ce: yaro yana gida a Sin, malami yana gida a wata ƙasa, su haɗu ta kwamfuta na minti 25, iyaye su biya kamfani, kamfani ya cire nasa ya ba malami saura. Dillanci ke nan, irin wanda muka sani a kasuwar dabbobi, sai dai wannan dillalin shi ke yanka farashi shi kaɗai. Lokacin da kasuwar ke kan ganiyarta, VIPKid ya ce yana da malamai wajen 100,000 da ɗalibai sama da 700,000, yana kuma tallata biyan dalar Amurka 14 zuwa 22 a awa. Irin waɗannan lambobin ne ake nuna wa yaranmu a yau, ba tare da an gaya musu cewa na da ne ba.

Ranar 24 ga watan Yuli na 2021 hukumomin Sin suka fito da sabuwar doka ta rage wa yara nauyi iri 2, wato aikin gida da darasin bayan makaranta. Dokar ta ce kamfanonin da ke koyar da darussan makaranta ba za su ƙara neman riba ba, ta hana darasi a ranakun hutu, ta kuma hana ɗaukar malaman waje da ke zaune a wasu ƙasashe su koyar da yara ta intanet. Dalilin gwamnati shi ne yara sun gaji, iyaye sun talauce, matasa kuma suna gudun haihuwa saboda tsadar tarbiyya. Ba a banza suka damu ba: jariran da aka haifa a Sin sun kusa miliyan 18 a 2016, amma a 2023 ba su wuce miliyan 9 da ƴan kai ba.

Cikin ƴan watanni kasuwar ta watse. VIPKid ya daina sayar wa yaran Sin darasin malaman waje a cikin wannan shekara. 51Talk ya rabu da harkarsa ta cikin Sin ya koma neman ɗalibai a wasu ƙasashe. Wani babban kamfanin koyarwa mai suna New Oriental ya sallami ma'aikata 60,000 a 2021 kaɗai. Kun san abin da wasu daga cikin malamansa suka koma yi? Talla. A 2022 suka riƙa fitowa ta intanet suna sayar da shinkafa da masara da sauran amfanin gona, suna haɗawa da ɗan darasin Ingilishi domin jawo masu saye. Wato malaman Ingilishi na can sana'arku suka dawo, Hajiya, a daidai lokacin da ake cewa ki sayar da jarinki ɗanki ya shiga tasu.

Mu ƴan Damagaram bai kamata wannan ya zo mana da mamaki ba, domin mun sha ganin yadda magana ɗaya daga bakin hukuma ke kashe kasuwa. Wane ne ya manta watan Agusta na 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta har sai Disamba na 2020? Wane ne ya manta abin da ya biyo bayan Yuli na 2023, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, sai cikin 2024 al'amura suka fara komawa? Dattawanmu na Magarya da Matamaye har yau suna ba da labarin zamanin gyaɗa da SONARA, lokacin da kowa ya dogara da kaya ɗaya da mai saye ɗaya, da fari da cutar gyaɗa suka zo cikin shekarun 1970 aka rasa tudun dafawa. Duk sana'ar da makullinta ke hannun wani, ranar da ya ga dama zai rufe, kuma ba zai yi shawara da kai ba.

Abu na biyu, ko lokacin da kasuwar ke ci ba a yi ta dominmu ba. VIPKid mutanen Amurka da Kanada yake ɗauka, masu digirin jami'a, domin lafazinsu iyayen Sin ke saye. 51Talk ya dogara ne da dubban malamai ƴan ƙasar Filifin, waɗanda Ingilishi harshen makarantarsu ne tun daga firamare, amma duk da haka da yawansu ba sa samun ko dalar Amurka 5 a awa. Aiki ɗaya, minti 25 ɗaya, farashi ya bambanta saboda fasfo da lafazi. Idan wanda ya tashi da Ingilishi tun yana ƙarami haka aka yi masa, ina ga yaronmu da ya fara jin Ingilishi a ajin farko na kwaleji, awa ƴan kaɗan a mako, cikin ajin da ya cika ya batse, bayan ya sha fama da Faransanci? Ba raini ba ne, gaskiya ce. Yawancin waɗanda muka ci bak a ƙasar nan mun iya rubuta Ingilishin jarrabawa, amma idan aka ce mu yi hira ta minti 25 ba tuntuɓe, sai gumi ya keto.

Za a ce mana, to, ai har yanzu akwai masu yi. Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Dokar 2021 yara ƴan makaranta ta shafa, ba ta hana babban mutum koyon Ingilishi ba. Akwai kuma kamfanoni irin su italki da Preply da Cambly, inda malami ke buɗe shafinsa, ɗalibai daga ko'ina cikin duniya su zaɓe shi. Wasu ƴan Afirka da suka ƙware suna samun na cefane a nan. Amma ku lura da bambancin: waɗannan kamfanoni ba sa karɓar kuɗin rajista daga malami, ladarsu suke cirewa daga abin da ɗalibi ya biya. Ba su da wakili a Zango ko a Sabon Gari da zai ce ka kawo jika 50 ya shigar da kai. Kuma shiga ba ita ce samu ba. Malami sabon shiga kamar sabon mai tebur ne a layin da masu kaya iri ɗaya suka kai dubbai, yana iya kwana da kwanaki ba wanda ya taya.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. Mu ƙaddara yaro ya dace ana biyansa dalar Amurka 3 a awa, mu kuma ƙaddara dalar a kan tamma 600 don lissafi ya yi sauƙi. Awa ɗaya ta kama 1,800 ke nan. Idan yana samun awa 3 cikakku kullum, kwana 20 a wata, ya tashi da jika 108. Wannan kuɗi ne mai kyau, babu mai musu. Amma idan awa ɗaya rak yake samu a rana, wanda shi ne ya fi kusa da halin sabon shiga, jika 36 ce a wata, ƙasa da mafi ƙarancin albashin ƙasar nan da aka mayar jika 42 a 2024. Daga cikin wannan za a cire ladar kamfani, a cire kuɗin intanet, domin magana ta bidiyo tana shan kati kamar yadda rairayi ke shan ruwa, a cire kuɗin wuta ko na batir da faifan hasken rana, a cire na masu canji. Kwamfutar da aka saya da kuɗin adashe, yaushe za ta mayar da kuɗinta?

Sai maganar lokaci. Ƙasar Sin tana gabanmu da awa 7. Lokacin da mutanensu suka taso daga aiki suka zauna karatu, ƙarfe 6 zuwa 9 na dare, a nan ƙarfe 11 na safe ne zuwa 2 na rana. Kowa ya san yadda wannan lokaci yake a Damagaram cikin watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, kowa ya kunna fanka, wuta tana zuwa tana ɗaukewa. Ranar Juma'a kuma lokacin masallaci ne. A irin wannan aiki idan layi ya yanke a tsakiyar darasi, malami ake ɗora wa laifi, a ƙi biyansa, a rage masa maki, idan ya yawaita a rufe shafinsa. Ba wanda zai saurari uzurin cewa wuta aka ɗauke a Garin Malam. Gaskiya ne Starlink ya shigo Nijar a 2025, kuma ya taimaka wa masu hali, amma na'urarsa da kuɗinsa na wata-wata wani jari ne daban, kuma shi ma sai da wuta.

Akwai kuma tambayar da kowane ɗan kasuwa ke fara yi kafin ya ba da kaya: ta ina kuɗina zai zo? Waɗannan kamfanoni ba sa biya ta Nita ko Amana. Ta hanyoyi irin su PayPal da Payoneer suke biya, ko ta banki. Kafin yaro ya koyar da ko minti ɗaya, ya kamata ya tabbatar da kansa cewa zai iya fitar da kuɗin ya riƙe a hannu a nan Damagaram, ya kuma san nawa za a zabtare a hanya. Wanda ya ce a yi amfani da asusun wani abokinsa da ke Kano ko Kwatano, ya sani ya ba kura ajiyar nama. Haka nan wanda ya ce zai haɗa shi da iyayen yara a ɓoye, a bayan idon hukumar Sin. Ana yin hakan, amma ranar da aka hana shi haƙƙinsa, wace kotu zai kai ƙara, da wane harshe?

Yadda za ku gane macuci ba shi da wuya, domin halinsu ɗaya ne ko da sun canja riga. Na farko, shi ke neman kuɗi a wurin mai neman aiki. Tun da muke, mun taɓa jin mai shago ya ɗauki yaron shago ya ce yaron ya fara biyansa? Na biyu, ba ya gwada Ingilishin yaro, alhali kamfanin gaskiya sai ya saurari muryarka, wani ma ya nemi digiri da takardar koyarwa da ake kira TEFL. Na uku, yana cewa ka kawo mutum 3 a ƙara maka matsayi. Na huɗu, yana gaggawa: yau ne ƙarshe, gurbi 5 ya rage. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana irin wannan a hannun MMM a ƙarshen 2016, suka sake ɗanɗanawa a hannun CBEX a watan Afrilu na 2025, mutane suka wayi gari dukiyarsu ta bi iska. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuma idan aka nemi hoton katin ɗan ƙasa ko fasfo na yaro, ku sani da shi ake buɗe asusun damfara, ranar da asiri ya tonu sunansa za a gani.

Wani matashi zai ce mana: ku masu magana a rediyo kuna da albashinku, mu da muke zaune fa, da babu ai gara ba daɗi. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Zaman banza ciwo ne, shi ke tura yaranmu hanyar Agadas da Libiya, shi ke tura wasu shaye-shaye. Wanda Allah ya ba Ingilishi na gaske, misali wanda ya karanci harshen a jami'ar André Salifou ko ya yi karatu a Kano ko Zariya ko Gana, yana da kwamfuta tun asali, ya gwada waɗannan kamfanoni, ba abin da zai rasa sai lokacinsa. Abin da muke ƙi shi ne a ci bashi ko a karya jarin uwa domin aikin da ba a gani ba. Gwaji da abin hannunka daban, caca da abincin gida daban.

Kada kuma wani ya fahimce mu a karkace, ya ce mun ce Ingilishi ba shi da amfani. Ai mun fi kowa bukatarsa, kuma kasuwarsa tana nan ƙofar gidanmu. Kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Wannan yana nufin bukatar masu koyar da Ingilishi za ta ƙaru a makarantu da ofisoshi. Ku da kanku ƴan kasuwa, nawa ne cikinku ke zuwa Kantin Kwari da Singa a Kano? Ciniki da Hausa ake yi, amma rasit da takardar banki da ta kwastan da saƙon da ke shigowa salula duk da Ingilishi suke. Masu zuwa Dubai da Guangzhou da Yiwu kuwa sun san nawa suke ba tafinta, sun kuma san sau nawa tafinta ya haɗa baki da mai kaya aka ɗora musu farashi. Alhajin da aka aiko wa kwantena da kayan da ba su ya zaɓa ba, saboda bai iya karanta takardar da ya sa wa hannu ba, ya san darajar Ingilishi fiye da kowane malami.

To, ga ɗalibai nan zaune a kasuwa, me ya kai mu nema a Bejin? Matashin da ya iya Ingilishi ya tara ƴaƴan ƴan kasuwa 20 da yamma, kowa ya ba da jika 2 a wata, jika 40 ke nan a aji ɗaya, kuɗi a hannu, ba ladar kamfani, ba kuɗin intanet, ba mai rufe masa shafi. Ya koya musu Ingilishin da za su ci abinci da shi: lambobi, sunayen kaya, yadda ake tambayar farashi, yadda ake rubuta wa mai masana'anta saƙo, yadda ake karanta takardar jigilar kaya da ranar lalacewar magani ko madara. Wani kuma ya buɗe ɗan tebur na rubuta wa ƴan kasuwa saƙonni da fassara musu takardu, kamar yadda masu rubuta wasiƙa suke yi a bakin gidan waya a da. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Su kansu Sinawan ma ba sai an neme su ta intanet ba, ga su nan a jiharmu. Matatar mai ta SORAZ, wadda ke wajen kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut, an buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60, Nijar kashi 40. Ga bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, wanda aka fara lodin mansa a 2024. A watan Maris na 2025 gwamnati ta sallami wasu manyan shugabannin kamfanonin man nan ƴan Sin su 3, tana kukan bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Idan ana so ƴan ƙasa su hau manyan kujerun, sai sun iya harshen da aikin mai ke tafiya da shi a duniya, wato Ingilishi, wanda ya ƙara da Sinanci kuwa ya gama. Me zai sa yaron Damagaram ya kasa zama tafinta ko injiniya a matatar da ke bayan gidansu?

Wani abin da zai ba ku mamaki, Sinawa sun daɗe da gane darajar harshenmu. Gidan rediyonsu na ƙasa da ƙasa ya buɗe sashen Hausa tun 1963, kuma jami'ar koyon harsunan waje ta Bejin tana koyar da Hausa. Su sun koyi namu domin su yi magana da mu, su sayar mana da kaya. Idan har matashi yana son koyarwa ta intanet, Hausa ita ce hajar da ba wanda zai ce masa lafazinsa bai yi ba. Masu nemanta ba su kai masu neman Ingilishi yawa ba, ba za mu yi muku ƙarya ba, amma masu sayar da ita ma ba su da yawa, kuma kowane ɗan kasuwa ya san daɗin zama shi kaɗai a layi.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihinmu. Zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma na tashi daga nan zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina, su dawo da yadi da takarda da bindigogi. Fataken Zango na wancan lokaci suna jin Hausa da Barbarci da Buzanci da Larabci, ba don ado ba, don ciniki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 hanyar hamada ta mutu, waɗanda suka juya akalarsu kudu suka rayu, waɗanda suka tsaya jiran ayari suka karye. Darasin shi ne a koyi harshen abokin ciniki, a kuma san lokacin da hanya ta mutu.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da reshen Damagaram na majalisar ƴan kasuwa da su ware ɗaki ɗaya a kasuwa domin ajin yamma na Ingilishin ciniki, su ɗauki yaranmu da suka karanci harshen su biya su. Muna kira ga jami'ar André Salifou ta dubi yiwuwar buɗe gajeren horo na Ingilishi da Sinanci domin ƴan kasuwa da ma'aikata, kamfanonin man da ke cin arzikin jihar nan kuma su sa hannu a aljihu. Muna kira ga hukumomin tsaro su bi sawun masu karɓar kuɗin rajistar ayyukan da babu su, waɗanda aka cuta kuma su daina jin kunyar kai ƙara, domin shirunsu ne ke ba macuci damar cutar na gaba. Limamai da masu unguwanni su ma su taya mu faɗakarwa.

Ke kuma Hajiya, idan ɗanki ya zo miki da wannan magana, kada ki kore shi, domin neman na kansa yake yi, kuma wannan abin a yaba ne. Ki zaunar da shi ki yi masa tambayoyin da kike yi wa duk wanda ya kawo miki sabon kaya. Wane ne mai kamfanin, ina ofishinsa? Wa ka sani da idonka, a nan garin, da aka taɓa biya ya riƙe kuɗin a hannu? Don me mai ba da aiki yake neman kuɗinka? Sun gwada Ingilishinka kuwa? Idan ya amsa duka, ku je tare wurin wani malamin Ingilishi na lise da kuka yarda da shi, ya duba muku. Idan ya kasa amsawa, ki riƙe adashenki, ki ƙara jari, ko ki biya masa kuɗin koyon Ingilishi na gaske a wurin malamin da kike ganin fuskarsa. Wannan kuɗin ba ya ɓata, domin abin da ya shiga kai ba gwamnatin da za ta rufe shi da doka.

Allah ya tsare mana dukiyarmu daga macuta, ya buɗa wa matasanmu hanyar halal, ya sa albarka a kasuwa. Amin.